Baba mai injekta na Agege, da fil ɗin da na nace sai an wasa

Motata DAF 45 ce, 'yar Ingila, an juya mata sitiyari tun kafin ta zo hannuna. Injin Cummins ne a cikinta, silinda shida, lita 5.9, da tobo. Shekara shida ke nan muna tare, kuma aikinmu bai canza ba: in yi lodin dusar alkama a Apapa in kai wa masu gonakin kaji a wajen Ibadan, in juyo da ƙwai in sauke a Mile 12 da Agege. A takarda motar tan 7.5 ce har da nauyin kanta. Abin da nake ɗora mata kuwa, daga ni sai ita sai Allah.

Bayan ƙaramar Sallar bara ta fara yi min nawa. Wanda ya saba da hanyar nan ya san daga Berger har ka wuce Long Bridge da Kara da Mowe babu tudun a zo a gani. Sai ka bar mahaɗar Sagamu ka nufi Ogere sannan hanya take fara hawa da gangara, dogayen tuddai kwantattu waɗanda ido ke rainawa amma inji yana ji a jikinsa. Tudun da nake cinyewa da giya huɗu ya koma sai da uku. Kafin wata biyu wani wurin har biyu nake komawa, tirela mai kwantena tana wuce ni, yaron motarta yana leƙowa yana min dariya. Abin da ya ɗaure min kai, babu hayaƙi, babu wata baƙuwar ƙara, ba ta shan baƙin mai, da asuba bugu ɗaya take tashi. Ja ne kawai babu.

Kuskuren farko nawa ne. A Ogere wani makaniken bakin titi ya ce minti goma ya ishe shi. Ya zura sifana ta bayan injekta, wato famfon da ke tura wa inji mai, ya sassauta wani noti, ya murɗa na tsakiya ciki, ya ɗaure, ya karɓi na shayi. Ba zan yi masa ƙarya ba, motar ta ɗan farfaɗo. Amma daga ranar, duk inda na taka totur daga tsaye sai baƙin hayaƙi ya turnuƙe har ba na ganin na bayana a madubi, masu talla suna toshe hanci suna aiko min da Yarabancin da ba sai an fassara ba. Silo, wato gudun inji in ba a taka totur ba, ya hau. In na ɗaga ƙafa sai injin ya jima yana kuka kafin ya sauko. Sau biyu masu kaki suna tsayar da ni a kan hayaƙin nan, abin da na bari a hannunsu ya ninka na shayin sau goma.

Wani abokina mai jigila daga mayankar Oko-Oba ne ya ce in daina wasa da abincin 'ya'yana in je wurin Baba. Ba zan kama sunansa ba, domin zan faɗi alherinsa, zan kuma faɗi inda ya ɓata min rai, ga shi dattijo. Shago ne guda da rumfar kwano a gaba, ba nisa da layin dogo a Agege. Bazazzage ne, ya zo Ikko tun tana babban birnin ƙasa, kafin a tattara a koma Abuja a 1991, Yarabanci a bakinsa kamar a Mushin aka yanke masa cibiya. Injekta da nozul, bakin da ke fesa mai cikin silinda, kaɗai yake yi. Ka kawo masa zancen birki ko giya, da leɓe zai nuna maka hanya.

Waje laka ce da baƙin mai irin na kowane gareji, amma cikin shagon wata duniya ce daban. Tebur an shimfiɗe shi da farin kwano, kwanonin silba cike da gas mai tsabta na wanke kaya, a kusurwa ga tsohon injin gwaji mai jerin siraran kwalaben gilashi da ke auna man da kowane bututu ya tofo. Ba a shiga da takalmi. Na ga ya kori wani yaronsa waje saboda ya shigo da tsumma mai gashi.

Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, na zo a ƙara min wuta ne. An ce kana wasa fil."

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Mutumin ina ne?"

Na ce Kano.

Ya ce, "Ai na ji. Bakano bai gama sallama ba ya fara neman gyara. Je ka a wanke min injin nan tukuna, ba na buɗe famfo a kan datti."

Na rama, na ce ai Bazazzage ko ruwa zai ba ka sai ya yi maka wa'azi. Ya yi dariya, amma maganar wankin ba wasa ba ce, sai da na je aka wanke na dawo.

Kafin ya taɓa motar ya ɗauko wani mataccen famfo da ya ajiye don koya wa yaransa, ya buɗe min. A nan na fara sanin abin da nake tuƙawa shekara shida. Famfon da ke kan injina Bosch ne, samfurin da ake kira VE, wanda aka fara yi tun tsakiyar shekarun 1970. Ba irin dogon famfon nan mai layi ba ne na Mack da tsofaffin MAN, inda kowace silinda take da fulanjarta, wato ƙarfen da ke tunkuɗa mata mai. Wannan fulanja ɗaya gare shi, tana juyawa tana kai da komowa, ita ke raba wa silinda shidan mai bi da bi. A samansa akwai 'yar hula mai noti huɗu, da siririn bututu da ya taho mata daga inda iskar tobo ke shiga inji. Ka cire hular, za ka tarar da roba mai faɗi kamar fatar kalangu, ƙarƙashinta sifirin, a tsakiyarta kuma an ɗaure wani ƙarfe mai kaurin ƙaramin yatsa da ya nutse cikin famfon. Shi ne fil ɗin da ake ta magana. Wajen ƙasansa an fere shi ya yi ƙugu irin na turmi, sai dai ferewar ba ta zagaya daidai ba, wani gefen ya fi wani zurfi. Daga gefe kuma wani ɗan siririn ƙarfe yana jingine da ƙugun nan. Baba harshe yake ce masa.

Ga yadda abin yake tafiya. Ƙarfin injin gas mai ne da iska. Ka ba shi man da ya fi iskar da za ta ƙona shi, ragowar sai ta fita baƙin hayaƙi ta salansa. Tobo kuma hayaƙin inji ne ke juya shi, saboda haka ba ya kawo iska sai inji ya ɗau wuta. Aikin hular shi ne ta riƙe mai har iska ta iso. Lokacin da babu iska, sifirin yana tokare robar sama, harshe yana kan wurin da fil ya fi kauri, famfo yana ba da mai kaɗan. Da tobo ya fara hurawa sai iskar ta bi bututun ta danna robar, fil ya nutse, harshe ya sami wuri mai zurfi ya shige, famfo ya saki mai. Iya zurfin da harshen ya samu, iya man da za a sake. Shi ya sa masu neman ƙarfi suke juya fil ɗin ya fuskanci harshe da gefensa mafi zurfi, ko kuma su wasa shi su ƙara masa zurfin da kamfani bai yi ba.

Sannan ya hau motar. Ya zare siririn bututun, ya toshe baki ɗaya da babban yatsa ya hura ɗayan, sai ga iska tana fita ta tsakiya. Ya tsage a wurin da ya daɗe yana gogar wani ƙarfe, ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Ya buɗe hular ya zare fil, ya sa yaro ya ja hannun totur, ya haska ramin da tocila. Ya ce harshen ya kamata ya leƙo. Bai leƙo ba, tsatsa da busasshen giris sun ƙame shi. Ga kuma gas ya taru ƙarƙashin robar, alamar 'yar robar da ke tare mai a jikin harshen ta mutu. Ya zaro filtar iska ya buga ta da ƙasa, ƙurar dusa ta tashi har sai da muka ja baya.

Ya ce, "Ka gani? Wata nawa kana tuƙa mota mai tobo, famfonta yana ba ta abincin marar tobo. Sai wani ya zo ya buɗe mata notin baya."

Wannan notin na baya, in ji shi, shi ke ɗaga mai gaba ɗaya tun daga silo har ƙarshen totur, ko da iska ko babu. Shi ya sa nake hayaƙi daga tsaye. In aka zarce da shi kuma, gwamnan famfo, wato abin da ke ƙayyade gudun inji, yana iya kasa riƙe inji ya ƙwace ya yi ta hawa har ya tarwatse. Na ga shaidar yana tsoron abin: ranar da aka mayar da famfon za a tayar da mota, sai da ya cire tiyon iska ya tsayar da yaro da guntun katako a bakin tobo, in inji ya ƙwace a toshe masa numfashi.

An sauke famfon, an canza robobinsa duka, an ɗora shi a injin gwaji. Ina tsaye ina kallon kwalaben shida suna cika, biyu suna baya, ya yi ta gyara har suka jeru. Nozul shida ya gwada su ɗaya bayan ɗaya a famfon hannu. Huɗu suna feshi kamar hazo da 'yar ƙara, biyu kuwa ɗiga suke kamar famfon masallaci, aka canza musu baki. Ya tura ni wurin wani makanike ya saita bawul da inji a sanyaye, milimita 0.25 na shiga, 0.51 na fita, ya ce wannan ba aikinsa ba ne amma ba zai saita mai a kan bawul ɗin da bai san halinsa ba. Daga ƙarshe ya nuna min wani ɗan ɗigo da aka buga a farantin robar, ya yi alama a jikin famfon daidai inda kamfani ya ajiye shi, sannan ya juya fil ɗin kaɗan wajen zurfi, bai kai ƙarshe ba. Akwai wani noti mai haƙora a ƙarƙashin sifirin, wanda in ka saukar da shi sifirin ya yi laushi mai ya zo da wuri. Ya saukar da shi kaɗan. Notin hayaƙi da ke tsakiyar hula bai taɓa shi ba. Duka aikin da kayan, naira 95,000 na biya a lokacin.

Kwana biyu ya ce min. Kwana huɗu motar ta yi.

Amma lodin farko da na yi bayan nan, wallahi sai da na yi ta murmushi ni kaɗai kamar sabon ango. Tudun da ya mayar da ni giya biyu na haye shi da huɗu, ƙafata ba ta ma kai ƙasa ba. Na sake jin fiton tobo da na manta da shi. Hayaƙi ɗan toka-toka ne in na taka, kafin in ƙirga uku ya washe. Zuwa da dawowa da nake ƙona wajen lita 65 tun da aka murɗa notin Ogere ya dawo 57, 58. In da a nan na tsaya, da wannan rubutun yabo ne zalla.

Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ɗan yayana da ke gyaran waya a Computer Village ya zo gida wata Lahadi, ya ji ina ba da labari, sai ya buɗo min bidiyo a wayarsa. Ashe a Amurka wannan injin nawa, da wannan famfon, shi aka sa wa motar Dodge Ram daga 1989 zuwa 1993, tana fitowa daga kamfani da ƙarfin doki 160. Sai a 1994 suka koma famfo mai layi. Masu tsofaffin nan har yau suna nan suna wasa fil a garejin gidajensu, akwai ma kamfanonin da ke ƙera sabon fil mai zurfi suna sayarwa a kwali. Na ga mota tana ƙona taya a tsaye. Na kwana ina lissafin yadda zan riƙa wuce tireloli a tudun Ogere.

Baba ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Bakano, su waɗancan motar yawo ce, bayanta fayau. Kai buhu nawa kake ɗorawa? A wane zafi? Kuma bari in gaya maka, fil ba ya ƙara gudu. Gudun inji gwamna ne ke yanke shi, ko ka wasa fil ya zama allura ba za ta wuce inda take tsayawa ba. Ja zai ƙaru, zafi ya biyo shi."

Na ce ja ɗin nake so.

Ya ce to, motata ce, amma da sharaɗi: ba zai taɓa fil ɗin asali ba. In je Ladipo, kasuwar kayan mota, in nemo wani. Ya haɗa ni da babban yaronsa, domin fil-fil ɗin nan kama suke yi a ido amma ferewarsu ta bambanta, kowanne da lambarsa. Wannan famfon an sa shi a motoci da yawa, Land Rover 200Tdi da 300Tdi, Iveco Daily, tsofaffin Volkswagen na gas, ga kuma irinsa da Denso da Zexel suka yi wa Toyota da Isuzu da Mitsubishi. Muka sauka a tashar Toyota muka kutsa. A Ladipo ba mai sayar maka da fil shi kaɗai, sai dai ka sayi saman mataccen famfo gaba ɗaya. Bayan ciniki da rantse-rantse na biya 28,000.

Wasawar kanta aikin hannu ne mai kyau, dole in faɗa. Ya shafa wa ƙugun tawadar maka, ya ja layi inda harshe ke bi, ya taɓa shi da dutse kaɗan-kaɗan yana tsomawa a ruwa don kada ya ƙone, sannan ya koma zarto mai laushi, sannan samfefa da gas, har sai da ya ja farcensa a kai bai tsaya ko'ina ba. Ya ce abin da ke kashe masu yi da garaje shi ne su bar gaɓa. In akwai gaɓa harshe yana iya maƙalewa, fil ya ƙi dawowa sama, mai ya zauna a buɗe. Naira 15,000 ya karɓa.

A nan ne kuma na fara ganin gazawar shagon. Wannan karon ba a ɗora famfon a injin gwaji ba. Babu wuta, ya ce ba zai tayar da janareto a kan fil ba. Sai ya tsaya bayan mota, yaro yana taka totur, shi yana kallon hayaƙi yana cewa ƙara, rage. Daga baya na gane wannan gwajin bai gwada komai ba. Mota a tsaye ba kaya, tobo ba ya hura iskar kirki, fil ɗin ba ya ma nutsewa ya kai wurin da aka wasa. Ainihin gwajin sai a kan tudu da lodi, kuma ni kaɗai na je shi.

Ƙarfi dai ya zo, babu musu. Motar ta zama kamar an sake mata inji. Na wuce tirelolin nan ɗaya bayan ɗaya, har na riƙa danna musu hon. Sai dai ƙarfin ba ya zuwa a hankali. Ƙasa-ƙasa tana nan yadda take, da tobo ya kama sai ta zabura kamar doki ya ji bulala, domin ƙarin mai yana ƙara hayaƙi, hayaƙi ya ƙara juya tobo, tobo ya ƙara danna fil, abu yana ciyar da kansa. Da dusa wannan daɗi ne. Da ƙwai kuwa bala'i ne. A cunkoson Ojota, ana tafiya ana tsayawa a kan hawa, ta yi zaburar nan sau biyu na taka birki sau biyu. Da aka buɗe bodi a Mile 12, kiret bakwai sun yi kwaɓa. Hajiyar da ke da kayan ba ta ɗaga murya ba, ta dai ce, "Malam, yau kai ka tuƙo ko yaro?" Na biya, kunyar ta fi kuɗin ciwo.

Gas ya koma lita 66. Wani zai ce ai ƙafata ce, ba fil ba. Gaskiya ne, amma wa aka ba ƙarfi ya ƙi takawa? A mako na bakwai, kan tudu a giya huɗu, na ji inji ya hau mota ba ta hau ba, ga warin ƙauri. Kuloci ya fara santsi. Abin da na kashe a kansa ya fi duk kuɗin da na ba Baba tun farko.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne zafi, kuma da ban sa agogo ba da ban sani ba. Ɗan yayan nawa ne, don ya wanke laifinsa, ya yi min odar agogon zafin hayaƙi, aka huda wuyan salansa kafin tobo aka dasa. Allurar ruwan lagireto tana zaune lafiya a tsakiya, wannan kuwa cikin 'yan daƙiƙoƙi kan dogon tudu sai ta haye digiri 700. Fistin na alminiyom ne, alminiyom kuma a 660 yake narkewa. Ba wai zafin hayaƙi shi ne zafin fistin ba, mai da ruwa suna sanyaya shi, amma masu wannan injin sun daɗe da sanin ba a zama sama da 680 ana jan kaya. Mafi muni shi ne in ka bar ta a babbar giya inji yana gurnani ƙasa-ƙasa ka danne totur: mai da yawa, iska kaɗan. Haka yarona yake tuƙi in na ba shi na kwanta, wai yana tattalin gas. Ka rage giya inji ya sake, sai ka ga allurar ta sauko a gabanka. Da na nuna wa Baba agogon ya taɓe baki ya ce shi shekara arba'in da ido da kunne yake aiki. Na girmama shekarun, amma ido ba ya ganin 700.

Wata huɗu da wasawar, motar ta fara wani hali. Yau ta ja, gobe ta yi nauyi, wani lokacin hayaƙi ya ci gaba bayan na sassauta ƙafa. Aka buɗe hula. Harshe ya tona wa fil ɗin kwari, siririn layi mai zurfi da farce ke faɗawa, yana kama shi wajen hawa da sauka. Baba ya ce, "Ai na gaya maka taurin ƙarfen a fatarsa yake. Mun wasa fatar, me ya rage?" Ni dai ban tuna ya gaya min ba. Ya yi maganar zafi, ya yi maganar gudu, wannan kam ban ji ba, kuma da na ji da watakila na tsaya. Ban yi masa musu a gaban yaransa ba, amma har yau abin yana raina.

Na ce a mayar min da na asali. Nan ma aka sha kallo: an jefa shi cikin gwangwanin madara tare da wasu fil kusan goma, babu takarda babu alama. Kwana biyu ana nema, sai da lambar jikinsa da ɗigon da ke farantinsa aka gane shi. Wannan sakacin a ko'ina yake a shagon, ban da kan teburin. Ba rasit. Ba littafin da ake rubuta motar wa aka yi wa me. Komai a kan Baba yake, ranar da ya tafi Zariya biki aiki ya tsaya cak. Ba wurin ajiye babbar mota, a bakin titi take kwana, kullum da abin da za ka miƙa wa samarin unguwa don ka tarar da batirinka.

Duk da haka can nake komawa, can kuma nake tura mutane, don ban ga wanda ya fi shi sanin cikin famfon nan ba, kuma bai taɓa canza min abin da bai mutu ba. Mayar da fil ɗin ma bai karɓi ko sisi ba. Wanda motarsa ta rasa ja, kada ya je da maganar wasa fil a bakinsa. Ya ce a duba bututun hula, a duba robar, a ga ko harshe yana motsi, a gwada nozul, a duba filta da famfon da ke jawo mai daga tanki. In duk wannan ya yi daidai, a juya fil kaɗan, a yi alamar inda aka taso. Mai mota marar tobo kada ya wahalar da kansa, famfonsa ba shi da hular ma. Sababbin motoci masu kwamfuta kuma ba su da fil, Baba da kansa zai ce ka kai wa masu na'ura.

Akwai wata kwalba a kan kantarsa cike da matattun fulanja, duk sun yi zane-zane. Ya ce kusan dukansu gas ɗin jarka ne ya kashe su. Famfo mai layi irin na manyan motoci da baƙin man inji yake samun santsi, wannan kuwa gas ɗin da yake turawa shi ne man shafawarsa. Ka zuba masa wanda aka sirka da kananzir ko mai ruwa a ciki, ƙarfe ya ci ƙarfe. Tun da lita ta haye naira dubu, ko bayan matatar Dangote ta fara fitar da gas a 2024 bai dawo inda muka san shi ba, direbobi da yawa sun koma sayen na bakin hanya, ni ma na sha yi. Ya ce famfon da aka ƙara wa aiki aka kuma ba shi irin wannan man, kwanansa ƙirgagge ne. Ya sa na ƙara filta mai raba ruwa kafin famfo. Duk Juma'a nake buɗe ƙasanta, kuma ban taɓa buɗewa ban ga ruwa ba, ko da cokali ɗaya ne.

Yanzu fil ɗin asali ne a ciki, a juye kaɗan kamar yadda ya yi ranar farko. Tudun bayan Sagamu giya huɗu, allurar hayaƙi tana wasa wajen 600, gas lita 58, ƙwai yana isa Mile 12 lafiya. Wasasshen fil ɗin na huda shi na rataya a makullin mota. Shekaranjiya na biya ta shagon in sa ranar gwajin nozul, Baba ya hango shi yana lilo a hannuna, ya ce wa yaransa, "Ku ba Bakano kujera, ya zo da ƙarfin dokinsa a aljihu." Ya ce in kawo motar Talata da safe. Na riga na gaya wa masu ƙwai kada su sa rai da ni kafin Juma'a.